Kula da Kare Bayan Fiɗiya

Kashi na 1: Kare da aikinsa

A ƙasar Gwandu da Kalgo mutane da yawa suna kiwon kare. Don aiki su ke kiwonsa. Manomi yana so kare ya tsare masa gida da rumbu. Makiyayi yana so ya kwana a bakin garke. Mafarauci kuwa ba ya shiga daji sai da karensa. Da dare, in ɓarawo ya zo satar awaki, kare ne ya kan fara ji, tun mai gida yana barci.

Amma namijin kare yana da wani hali. In ya balaga, ya ji warin karya mai neman barbara, sai ya bar gida. Ya kan yi kwana biyu ko uku ba a gan shi ba. A can ya gamu da waɗansu karnuka, su kama faɗa. Wani ya komo da kunne a yage. Wani mota ta banke shi a kan titi. Wani kuma ya kwaso cuta. Akwai wani tsiro mai zubar da jini da ya ke fitowa a al'aurar karnuka, kuma wurin barbara su ke ɗaukarsa. Duk kwanakin nan da kare ya ke yawo, gida ba mai tsaro.

Saboda haka waɗansu mutane su kan kai karnukansu wurin likitan dabbobi, a yi musu fiɗiya. Fiɗiya ita ce cire 'ya'yan maraina na namijin dabba, don kada ya ƙara haihuwa. Wannan ba baƙon abu ba ne a gare mu. Kowa ya san taure. Kowa ya san shanun noma da aka dandaƙe.

A cikin wannan darasi za mu koyi yadda a ke kula da kare bayan an yi masa fiɗiya. Ku lura da wannan tun daga farko. Aikin likita ba ya cika wuce rabin awa. Aikin mai kare kuwa kwana 14 ne.

Kashi na 2: Yadda likita ya ke yi

Fiɗiyar kare dabam ta ke da ta bunsuru ko ta sa. Malaman dabbobi su kan dandaƙe sa da wani ƙarfe mai kama da awartaki, ana ce da shi Burdizzo, sunan likitan dabbobi na ƙasar Italiya da ya ƙago shi. Waɗansu kuma su kan ɗaure wa ɗan akuya roba. Kada a yi wa kare ko ɗaya cikin biyun nan. Marainan kare ba sa reto kamar na bunsuru, kusa da jiki su ke. Kuma bakinsa yana kai wurin. In zafi ya dame shi sai ya tauna wurin, ya ji wa kansa mummunan ciwo. Haka nan kada kowa ya ɗauki aska ya yi da kansa a gida. Jini zai zuba, ciwo zai ruɓe, ga kuma azaba ga dabba.

Aikin likitan dabbobi ne. Akwai asibitin dabbobi na gwamnati a Birnin Kebbi. A Sakkwato kuma akwai na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, inda a ke koyar da likitocin dabbobi. Ku tambayi malamin dabbobi na ƙaramar hukumarku, ya nuna muku inda za ku.

Ga yadda a ke yi. Daren da za a kai kare, ba a ba shi abinci. Dalili kuwa, in an yi masa allurar barci da abinci a cikinsa, yana iya yin amai, aman ya shiga huhunsa. Da safe likita ya duba lafiyarsa, ya auna nauyinsa. Sa'an nan ya yi masa allurar barci. In barci ya ɗauke shi, ba ya jin kome. Sai a aske gashin wurin, a wanke. Likita ya tsaga fata kaɗan a gaban maraina, ya fitar da 'ya'yan biyu, ya ɗaure jijiyoyin jini da zare, ya ɗinke. Galibi ran nan a ke komo da kare gida.

Yaushe ya fi kyau a yi? Likita ne zai faɗi shekarun da suka dace. Da yawa ana yi musu daga wata 6. Kare mai babban jiki kuwa a kan jira ƙasusuwansa su gama girma, watau wajen shekara 1. Ga lokaci kuma, bayan kaka ya fi, sa'ad da sanyi ya fara shigowa. Lokacin nan ƙuda sun ragu, ba taɓo, ba zafin bazara, kuma da sauran kwanaki kafin farauta ta kankama.

Kashi na 3: Misalin wa da ƙane

Ga wani misali. Akwai waɗansu mutum biyu, wa da ƙane. Wan yana noman shinkafa a fadama, kusa da Kalgo. Ƙanen yana zaune a wani ƙauye gefen Gwandu, yana noman gero, da rani kuma yana farauta. Kowannensu yana da kare. Uwar karnukan ɗaya ce. Na wan baƙi ne, na ƙanen ja. Duka biyu sun dame su da yawo. Sai suka yi shawara, suka kai su wurin likita rana ɗaya, ran Litinin.

Da aka gama, likita ya ce musu, “Malamai, ku saurara. Kwana 14 kada karnukan nan su yi gudu. Kada su yi tsalle. Kada su shiga ruwa. Kada ku bari su lashi ɗinkin.”

Ƙanen ya ce, “Likita, ranka ya daɗe, in ya warke kafin nan fa?”

Likita ya ce, “Za ka ga kamar ya warke. Kada ka yarda da idonka. Ka ƙirga kwanaki.”

Suka yi godiya, kowa ya kama hanyar gida.

Wan ya share wata rumfa a cikin gida, ya shimfiɗa buhu mai tsabta, ya ɗaure Baƙi a nan. Ya ɗauki gawayi, kowace safiya ya ja layi ɗaya a bango. Ƙanen shi ma ya yi haka kwana uku. Ran Alhamis sai ya ga Ja ya tashi, yana kaɗa wutsiya, yana jan igiya, yana kuka. Ran nan kuwa abokansa suka zo za su daji. Ya ce a ransa, “Ai wannan ya warke. Ɗaure shi ma zalunci ne.” Ya kwance shi, suka tafi.

Ba su yi nisa ba zomo ya tashi. Ja ya bi shi da gudu, ya tsallake wani kwazazzabo. Da yamma suka komo, sai ga jini a cinyoyinsa. Da dare kare ya yi ta lasar wurin, har zare ya tsinke. Kashegari maraina suka kumbura kamar lemo. Ƙuda suka taru. Bayan kwana biyu sai ga tsutsa a ciki. Ja ya ƙi cin abinci.

Ƙanen ya buga wa wansa waya, ya ce, “Yaya, karena zai mutu. An ce in zuba masa baƙin mai.”

Wan ya ce, “Kul, kada ka soma. Sa shi a kwando, ka ɗora a babur, ka mai da shi wurin likita yau ɗin nan.”

Likita ya sake yi masa allurar barci, ya cire tsutsotsin, ya wanke ciwon, ya ba da magani. Ja bai mutu ba. Amma sai da ya yi wata ɗaya da rabi yana jiyya. Mai shi ya sake biyan kuɗin magani da na babur, kuma rabin farautar ranin nan ta wuce shi. Baƙi kuwa, ran da layi ya cika 14 a bango, aka cire masa zare. Bayan mako biyu yana bin mai shi zuwa fadama kamar da.

Kashi na 4: Me ya sa sai an jira?

Ku tuna da ginin ƙasa. In magini ya ɗora tubali, ya yaɓe, kashegari za ka ga bayan ginin ya bushe. Amma cikinsa ɗanye ne. In ka jingina masa kaya mai nauyi sai ya tsage. Don haka magini ya kan jira kafin ya ƙara wani sahu.

Haka ciwo ya ke. Cikin kwana biyu ko uku bakin fata ya kan haɗu. Zafi ya ragu. Amma naman da ke ƙarƙashi bai yi ƙwari ba tukuna. Zare ne kaɗai ya ke riƙe da shi. In kare ya yi gudu, cinyoyinsa suna jan wurin. Jini kuma yana gudu da ƙarfi a cikin jijiyoyin da aka ɗaure. Sai jini ko ruwa ya tsiyaya cikin fatar maraina, wadda yanzu ba kome a cikinta, ta cika ta kumbura.

Mutanen ƙasarmu sun san masu ɗori na Aliero. In sun ɗora wa mutum ƙafa, ba su kan bar shi ya taka ba don ya ce zafi ya tafi. Sai ƙashi ya kama. To, mutum yana jin magana. Kare ba ya ji. Shi dai in zafi ya tafi, sai gudu. Mai shi ne zai yi masa hankali.

Waɗansu suna cewa miyan kare magani ne, a bar shi ya lashi ciwonsa. Wannan kuskure ne. Bakin kare cike ya ke da ƙwayoyin cuta. Harshensa kuma yana da kaushi, yana kwance ɗinki. Maganin lasa shi ne abin wuya mai kama da mazurari. Likita yana iya ba ku. In babu, ku samu kwali mai kauri, ko ƙaramin bokitin roba, ku yanke gindinsa, ku naɗe bakin da tsumma don kada ya yanke shi. Ku sa masa a wuya, ku ɗaure. Tsawonsa ya ɗan wuce hancinsa. Yatsa biyu su iya shiga tsakaninsa da wuyan. Ranar farko kare zai ƙi shi, zai yi ta karo da bango. Ku yi haƙuri, zai saba. Ya kwana da shi, gama da dare ne ya fi lasa.

Kashi na 5: Kwana 14, ɗaya bayan ɗaya

Rana ta 1. Kare zai komo yana tangaɗi kamar mai jin barci. Maganin barci ne bai gama sakinsa ba. Ku kwantar da shi a inuwa, a kan buhu ko tsohuwar tabarma mai tsabta. Kada a kwantar da shi a turɓaya ko kusa da turken awaki. Ku hana yara taɓa shi, domin kare mai magagi yana iya cizon ko wanda ya sani. In ya farka sosai, ku ba shi ruwa kaɗan. Da yamma ku ba shi rabin abincin da ya saba ci. In bai ci ba ran nan, ba kome.

Kwana na 2 da na 3. Ku fitar da shi da igiya, ya yi fitsari da kashi, ku komo da shi. Minti 5 ya isa, sau uku ko huɗu a yini. Za ku ga wurin ya ɗan yi ja, ya ɗan tasa. Wannan ba abin tsoro ba ne. Ku ba shi maganin da likita ya bayar, a kan lokacinsa.

Kwana na 4 zuwa na 7. Nan ne haɗari ya ke. Kare ya ji sauƙi, yana so ya tafi. Zai yi kuka, zai ja igiya. Kada ku kwance shi. Ku yi tafiya da shi a hankali, kamar minti 10, safe da yamma, igiya tana hannunku. Ku zauna kusa da shi in kuna saƙar tabarma ko gyaran fartanya, hankalinsa zai kwanta.

Kwana na 8 zuwa na 14. Ku ƙara tsawon tafiya kaɗan kaɗan. Har yanzu ba gudu, ba tsalle, ba kokawa da waɗansu karnuka. Kada a yi masa wanka. Mutanen fadama su lura ƙwarai, kada ya shiga gulbi ko tafki ko taɓon shinkafa. Ruwa yana jiƙa ɗinki, yana shigar da ƙazanta.

Tsakanin kwana 10 da 14 ku mai da shi wurin likita. Wani zaren sai an cire. Wani kuwa narkewa ya ke yi da kansa a cikin jiki. Likita zai gaya muku irin wanda ya yi aiki da shi. Shi ne kuma zai ce kare ya warke.

Ga wata magana game da ɗauri. Kada ku ɗaure kare kusa da katanga ko danga da zai iya tsallakewa, don kada igiya ta shaƙe shi. Inuwa tana juyawa, saboda haka ku duba kada rana ta tarar da shi. Kullum a bar masa ruwa mai kyau a kasko.

Kashi na 6: Alamun haɗari

Ku duba ɗinkin sau biyu kowace rana, safe da yamma. Ku wanke hannu da sabulu kafin ku taɓa karen, da kuma bayan kun taɓa. In kun ga ɗaya daga cikin abubuwan nan, ku nemi likita ran nan, kada ku jira gobe.

1. Jini yana ɗiga, bai tsaya ba.
2. Ɗinki ya buɗe.
3. Kumburi yana ƙaruwa, wurin ya yi zafi.
4. Mugunya tana fita, ko wurin yana wari.
5. Ƙwan ƙuda ko tsutsa a bakin ciwon.
6. Kare ya wuce yini da kwana bai ci abinci ba, ko yana ta amai.
7. Dasashinsa ya yi fari. Na mai lafiya ja-ja ne. Fari alama ce ta zubar jini a ciki.
8. Yana yunƙurin fitsari, ba ya fita.

Akwai abubuwan da ba a sa wa ciwon. Kada a sa toka. Kada a sa baƙin mai, ko kananzir, ko kashin shanu, ko maganin feshin gona. Suna ƙone nama, waɗansu kuma in kare ya lasa sai su kashe shi.

Haka nan kada a ba kare maganin ciwon jiki na mutane, irin wanda a ke saye a kemis. Jikinsa ba irin namu ba ne. Ibufurofen yana huda masa tumbi, yana lalata ƙoda. Panadol in ya yi yawa yana lalata hanta. Maganin da likitan dabbobi ya auna masa shi kaɗai za a ba shi.

Kashi na 7: Bayan ya warke

In likita ya ce ya warke, kada a tafi da shi farauta ran nan. Ya yi mako biyu a kwance, jikinsa ya yi sanyi. A mai da shi aiki sannu sannu. Kwanakin farko a sake shi a tsakar gida. Sa'an nan ya bi mai shi zuwa gona ta kusa. Bayan mako ɗaya ko biyu ya shiga daji. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku sani kuma, ko bayan fiɗiya kare yana iya yi wa karya ciki har wajen mako 6, domin da sauran iri a cikin jikinsa. A raba shi da karya mai neman barbara har kwanakin nan su wuce.

Mutane su kan yi tambaya, “Kare ba zai zama rago ba?” Ku dubi shanun noma. An dandaƙe su, amma su ne su ke jan garma tun safe har hantsi, su ja amalanke zuwa kasuwa. Fiɗiya ba ta ɗauke ƙarfin ƙafa. Ba ta toshe hanci ko kunne. Karen da ya iya farauta zai ci gaba da farauta. Wanda ya saba haushi in baƙo ya zo da dare zai ci gaba da haushi.

Abin da ya ke raguwa shi ne yawon neman karya. A shekarar 1976 waɗansu likitocin dabbobi a Amurka sun bi labarin karnuka 42 da aka yi wa fiɗiya bayan sun girma. Suka tarar 9 cikin kowane 10 na masu yawo sun rage yawo. Faɗa da sauran maza shi ma ya ragu ga fiye da rabinsu. Amma ba ran nan hali ya ke sakewa ba. Wani sai bayan makonni, wani watanni. Kuma fiɗiya ba ta gyara kowane hali. Kare mai cizon mutane saboda tsoro, ko saboda dūkan da a ke yi masa, fiɗiya ba za ta raba shi da cizo ba.

Abu ɗaya ne ya kan kawo ragwanci, shi ne ƙiba. Kun san taure ya fi bunsuru saurin ƙiba. Haka kare. Bayan fiɗiya jikinsa ba ya bukatar abinci kamar da, amma kwaɗayinsa ya kan ƙaru. In an ci gaba da cika masa kasko, ga shi ba ya yawo, sai kitse ya taru, gudu ya gagare shi. Sai mai shi ya ce fiɗiya ce ta ɓata shi, alhali kuwa tuwo ne ya yi yawa.

Ga yadda za ku gane. Ku shafa haƙarƙarinsa da tafin hannu. In kun ji ƙasusuwan ba tare da dannawa ba, amma ido ba ya ƙirga su daga nesa, to, daidai ya ke. In sai kun danna kafin ku ji su, ku rage abinci kaɗan. In ƙasusuwan sun fito fili, ku ƙara. Kuma kowace rana ya samu tafiya da gudu.

Kashi na 8: Karya, da allurar riga-kafi

Ana yi wa karya irin wannan aiki don kada ta haihu. Karya tana ɗaukar ciki kamar kwana 63, ta haifi kwiyakwiyai da yawa. Waɗanda ba a so su ne su kan zama karnukan juji, marasa mai su. Amma aikin karya ya fi na namiji girma, domin sai an buɗe ciki an cire mahaifa. Saboda haka hutunta ya fi tsanani. Kwana 14 ɗin nan lalle ne a cika su. In ɗinkin ciki ya buɗe, hanji yana iya fitowa.

Wani abu kuma, kada ku ɗauka fiɗiya riga-kafi ce. Ba ta hana ciwon haukan kare. Wannan ciwo in ya bayyana a jikin mutum ko dabba, sai mutuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta yana kashe mutum wajen 59,000 kowace shekara, yawancinsu a Afirka da Asiya, kuma da yawa yara ne. Maganinsa allurar riga-kafi. Wani masani na ƙasar Faransa, Louis Pasteur, shi ya fara yi wa mutum ita a shekarar 1885. A Nijeriya ana yin ta karnuka a cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom, kusa da Jos, wadda aka kafa a shekarar 1924. Ana yi wa kare tun yana wata 3, a riƙa sakewa kowace shekara. Ran da kuka kai shi fiɗiya, ku tambayi likita zancen allurar, ku karɓi takardar shaida, ku adana. Yanzu da kuka iya karatu, ku da kanku za ku duba ranar da za a sake.

In kare ya ciji mutum, a wanke wurin da ruwa da sabulu har minti 15, a tafi asibiti nan da nan. Riga-kafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Mece ce fiɗiya?
2. Don me ba a ba kare abinci daren da za a kai shi wurin likita?
3. Kwana nawa kare zai huta?
4. Wane kuskure ƙanen ya yi ran Alhamis?
5. Yaya ciwo ya yi kama da ginin ƙasa?
6. Faɗi alamun haɗari guda huɗu.
7. Me ya ke sa kare ragwanci bayan fiɗiya?
8. Fiɗiya tana hana ciwon haukan kare?

Lissafi

1. An yi wa kare fiɗiya ran 3 ga wata. In an ƙara kwana 14, ran nawa ga wata ke nan?
2. Mai kare ya ja layi 9 a bango. Saura layi nawa su cika 14?
3. Ana duba ɗinki sau 2 kowace rana. Sau nawa ke nan cikin kwana 14?
4. Mako 6 kwana nawa ne?

Rubutu

Ku rubuta waɗannan kalmomi sau uku uku, ku lura da ƙ da ɗ: kare, ƙuda, ɗinki, fiɗiya, ƙiba, igiya.

Sa'an nan kowa ya rubuta wa ɗan'uwansa gajeriyar wasiƙa, ya gaya masa abu uku da zai yi wa karensa, da abu uku da ba zai yi ba. Gobe kowa zai karanta tasa a gaban aji. Wanda ya ke da maƙwabci mai kare, in ya koma gida ya karanta masa Kashi na 5 da na 6.